Furen Da Aka Shuka A Gida: Yadda Ake Mayar Da Shi Abin Tunawa Da Ranar Aure

Biki na kwana uku ne ko huɗu, shirinsa kuwa na watanni. Da zarar an kai amarya ɗakinta, 'yan biki sun watse, sai a shiga duba abin da ya saura. A gida, abin da kan saura sananne ne: kwanukan jere da uwa ta yi shekaru tana tarawa, zannuwan lefe, sai kalanda da kofuna masu hoton ango da amarya da aka raba wa mahalarta. A ƙasar waje abin ya sha bamban. Sau da yawa zaure ne aka kama haya na awa biyar ko shida, iyaye na kallo ta waya daga Kano ko Damagaram ko Kumasi, kafin sha biyun dare kuma an kwashe komai. Abin da ya fi saurin faɗawa kwandon shara shi ne furen da aka ƙawata wurin da shi, da wanda amarya ta riƙe, alhali ba ƙaramin kuɗi ya ci ba.

Riƙe damin fure ba al'adar bikin Bahaushe ba ce tun asali, namu lalle ne da turare. Amma ya shigo, musamman a wajen dina da walima a biranen Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa. A Ingila da Amurka, inda al'adar ta daɗe, har sana'a ake yi ta busar da furen amarya a saka mata shi a firam, kuma aikin na da tsada. Sai dai mutum zai iya yin sa da hannunsa a ɗakinsa, kuma furen da ya fi karɓar aikin shi ne wanda aka shuka a gida. Sharuɗɗan biyu ne: a fara shiri tun watanni kafin biki, sannan kada a bar furen ya wuce kwana biyu bayan biki ba a taɓa shi ba.

Inda abin ya samo asali

Busasshen fure ya fi yadda ake zato ƙarko. A gidan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York akwai wasu abin wuya da aka haɗa da furanni da ganyen zaitun, waɗanda aka yi amfani da su a hidimar binne Fir'auna Tutankhamun na Masar. Sun haura shekara 3,000, kuma har yau masana na iya gane irin tsiron da aka yi su da shi. Bushewar ƙasar Masar da duhun ramin da suka kwanta ne suka tsare su.

Dabarar danne tsiro tsakanin takardu kuwa, ana danganta ta da wani malamin ilimin tsirrai ɗan Italiya mai suna Luca Ghini, wanda ya koyar a Bologna da Pisa a ƙarni na 16. Tarin tsirran da almajirinsa Ulisse Aldrovandi ya danne yana nan a jami'ar Bologna har yanzu. Lambun Kew da ke Landan na riƙe da irin waɗannan samfura kimanin miliyan 7. Japanawa ma na da tasu fasahar ta yin zane da dannannen fure, wadda suke kira oshibana.

Haɗa furen gida da aure ya yi fice ne a gidan sarautar Ingila. A 1845, kakar Yarima Albert ta ba Sarauniya Victoria ɗan damin fure a garin Gotha na Jamus. A cikinsa akwai reshen wani tsiro mai ƙamshi da Turawa ke kira matil, Larabawa kuma ke kira as. Aka dasa shi a gidan Osborne da ke tsibirin Wight, ya kama. A 1858 babbar 'yar sarauniyar ta riƙe reshensa ranar aurenta, daga nan ya zama al'adar gidan. An saka shi a damin Gimbiya Elizabeth a 1947, da na Catherine a 2011, da na Meghan a 2018. A bikin na 2018, Yarima Harry da kansa ya tsinko wasu furannin daga lambunsu na fadar Kensington. A damin har da wani ɗan fure da ma'anar sunansa ita ce "kada ka manta da ni", wanda mahaifiyarsa marigayiya Diana ta fi so. Gidan da zai iya sayen kowane fure a duniya, na bayan ɗaki ya zaɓa.

Abin da na gida ya fi na kanti

Mafi yawan furen da ake sayarwa a kantunan Ingila shigo da shi ake yi. Wardi da yawa daga gonakin gefen tafkin Naivasha na Kenya yake fitowa, ko daga Habasha, wani ya bi ta babbar kasuwar fure ta Aalsmeer a ƙasar Holan. Na Amurka kuma galibi daga Kolombiya da Ekwado. Kafin ya iso hannun amarya ya kwana da kwanaki a jirgi da ɗakin sanyi. A ido yana da kyau, amma ya riga ya fara tsufa, kuma duk wani ƙujewa da ba a gani yana ɗanye, yana bushewa za ta fito baƙa. Na lambu kuwa, da safe aka yanke shi, da yamma yana cikin takarda.

Na biyu, furen kasuwa ba don ci aka noma shi ba, ana fesa masa magungunan ƙwari da na fumfuna. Mai son saka fallayen wardi a cikin kayan ƙamshi ko a kan kek, gara ya san abin da aka fesa wa shukar.

Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Damin kanti guda ɗaya ne, idan ya lalace shi ke nan. Shukar gida kuwa tana ci gaba da yin fure kafin biki da bayansa. Ana iya gwaji da furen farko makonni kafin ranar, a ga yadda launinsa ke komawa. Idan na ranar bikin ya yamutse a hannun 'yan rawa, washegari a koma gindin shukar nan a yanko wani.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Da an sa rana, sai a ƙirga baya. Furannin da ake shukawa daga iri suna ɗaukar kimanin mako 10 zuwa 14 kafin su buɗe. A Ingila da arewacin Amurka, iri masu jure sanyi, kamar shuɗin furen nan da ake kira konfulawa da kalendula mai ruwan lemo, ana shuka su a Maris ko Afrilu, su yi fure daga Yuni zuwa Agusta. Masu gudun sanyi, irin su kosmos da ziniya, a ɗaki ake renon su, ba a fitar da su sai ƙarshen Mayu idan ƙanƙarar dare ta wuce. Wardi da lafenda ba na shekara ɗaya ba ne, gara a sayo ɗan itacensu a tukunya tun shekarar da ta gabata. Wanda bikinsa ya faɗo a Disamba ko Janairu, sai ya noma a lokacin zafi ya busar ya ajiye, a yi adon da busasshen. A shuka iri sau biyu ko uku, da tazarar mako biyu, domin yanayi ba ya bin kalanda.

Rashin fili ba ya hana aikin. Fansi da 'yar uwarta bayola na yi a tukunya a bakin taga, kuma suna cikin furannin da suka fi kyau idan an danne. Ɗalibin da ke ɗaki ɗaya zai iya cika firam da tukwane uku. A Ingila ƙananan hukumomi na bayar da hayar filin noma da ake kira alotmen, cikakkensa kimanin murabba'in mita 250, sai dai a manyan birane layin jira kan kai shekaru. Idan akwai wata anti ko maƙwabciya mai irin wannan fili, a roƙi kunya ɗaya. A biranen Amurka ma akwai lambunan unguwa da ake raba wa mazauna.

A ƙasashe masu zafi zaɓin daban ne. Bogenbiliya, wadda ke lulluɓe katangu daga Akara zuwa Khartum, tana dannuwa cikin sauƙi domin abin da ake gani mai launin nan siriri ne kamar takarda. Ziniya da marigwal na son rana. Furen lalle ƙanana ne masu ƙamshi, ana iya busar da su tare da ganyen, kuma babu tsiron da ya fi shi kusa da bikinmu. Mazauna Saudiyya sun san wardin Ɗa'if da ake tsinka a Maris da Afrilu, da farin yasmin na Jazan da amaren yankin ke ado da shi. Yasmin ɗin kan koma ruwan ƙasa idan ya bushe, don haka ya fi dacewa da ƙunshin ƙamshi a kan firam.

Kwana biyun farko

Kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin ɗanyen fure ruwa ne. Aikin gaba ɗaya tsere ne tsakanin fitar da ruwan nan da ruɓewa, kuma da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Amarya ba ta da lokacin wannan a makon bikinta. Tun kafin ranar a ɗora wa mutum ɗaya, babbar ƙawa ko ƙanwar ango, a ce ke ce mai fure.

A yanki furen da safe bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi zafi, a zaɓi wanda bai gama buɗewa ba. Wanda za a adana a ware shi daban tun a lokacin, kada a jira ragowar wanda aka yi hoto da shi. Bayan biki, damin da amarya ta riƙe a rage gindin karansa, a tsaya da shi a ruwa a wuri mai sanyi. Idan za a saka a firij, kada ya kwana kusa da ayaba ko tuffa, domin suna fitar da wata iska da ke tsufar da fure. Kada a saka shi a firiza yana ɗanye, yana narkewa zai zama kamar dafaffen alayyafo. Kada kuma a fesa masa turare ko man gashi. A ɗauki hotonsa ta kowane gefe kafin a kwance shi.

Hanyoyi huɗu

Dannewa ita ce mafi sauƙi da araha. A shimfiɗa furen tsakanin takardu masu shan ruwa, a sa kwali sama da ƙasa, a ɗora nauyi, ko a matse tsakanin katako biyu. A canza takardar bayan kwana ɗaya ko biyu, sannan duk bayan 'yan kwanaki. Mako 2 zuwa 4 yake ɗauka. Takardar mujalla mai sheƙi ba ta shan ruwa, tishu mai zane kuma yakan bar zanensa a jikin furen. Kada a yi da littafi mai daraja, danshi na lanƙwasa shafi. Fure mai kauri irin wardi ba ya dannuwa a dunƙule, sai an zare fallayensa ɗaya bayan ɗaya, a danne, daga baya a sake jera su.

Ratayewa ta dace da lafenda, statis, ƙananan wardi da ciyayi masu kai. A ɗaure kara biyar zuwa takwas da roba, domin kara na tsukewa idan ya bushe, zare kuma ya sake shi. A rataye kai a ƙasa a wuri mai duhu da iska, mako 2 zuwa 3. A gidajen Ingila masu danshi, kabad ɗin da tankin ruwan zafi yake ya fi ko'ina. Kicin da banɗaki ba su dace ba.

Silika ita ce ta mai son furen ya fito da siffarsa, ba a baje ba. Ita ce ƙwayoyin nan masu kama da gishiri da ake tararwa a ɗan ƙunshi cikin kwalin sabon takalmi, ana kuma sayar da mai laushinta a kantunan kayan aikin hannu. A zuba kaɗan a mazubi mai murfi, a zaunar da furen fuska sama, a riƙa zuba silikar a hankali ta gefe har ta rufe shi, a toshe. Kwana 3 zuwa 7 ya ishi yawancin furanni. A rufe hanci lokacin zubawa saboda ƙurarta, a kuma nisanta ta daga yara.

Rezin wani ruwan roba ne da ake haɗa kashi biyu, ya daskare garau kamar gilashi. Da shi ake yin abin danne takarda, faranti, sarƙa da maɓalli. Shi ba ya busar da fure, rufe shi kawai yake yi, don haka sai wanda ya bushe ƙayau. Ɗan danshi kaɗan ya isa furen ya ruɓe a ciki, kuma babu hanyar ciro shi. Rezin na ɗaukar zafi yayin daskarewa, idan aka zuba da kauri lokaci guda zai iya ƙona furen, saboda haka hawa-hawa ake zuba shi, a bar kowane hawa ya kama. A sa safar hannu, a buɗe taga. Yakan kuma ja zuwa rawaya bayan shekaru, musamman a rana. Wanda bai taɓa yi ba kada ya fara da furen amarya.

Launi, haske da danshi

Babu hanyar da za ta bar fure yadda yake ranar biki, gara a san haka tun farko. Fari kan koma ruwan madara ko ruwan ƙasa, kamar yadda yankakken tuffa ke yi idan ya sha iska. Ja mai duhu kan ƙara duhu har ya kusa baƙi. Shuɗi, rawaya da ruwan lemo sun fi riƙe kamanninsu. Mai son jan wardi a firam, ya shuka mai haske.

Bayan bushewa, abokan gaba uku ne. Hasken rana na cinye launi, don haka a rataye firam a bangon da rana ba ta dukansa, idan da hali a sa gilashi mai tare hasken da ke kashe launi. Danshi na kawo fumfuna: wanda ke Riyad ko Injamena a lokacin rani ya huta, na Jidda da Duwala da Kumasi da damina sai ya liƙe bayan firam da kyau, ya sa ɗan ƙunshin silika a ciki. Na uku ƙwari ne. Gidajen adana tsirrai kan saka busassun samfura a firiza domin kashe ƙwari da ƙwayayensu. A gida ma ana iya yin haka na kamar mako guda, a cikin leda da aka toshe, matuƙar furen ya bushe sarai, kuma kada a buɗe ledar sai ta huce. Wajen mannawa a nemi takarda marar asid da farin gam kaɗan a bakin tsinke, a ɗauki furen da hantsaki. Salatif na yin rawaya, ya ɓata aikin.

Abin da za a yi da shi

Firam mai ɗauke da katin gayyata a tsakiya, furanni kewaye da shi, shi ne aka fi yi. Ana iya ƙara ƙyallen ankon biki a bayansa. Dami ɗaya na iya cika ƙananan firam uku ko huɗu: na ɗakin amarya, na mahaifiyarta, na surukarta. Ƙananan furanni na yin alamar shafin littafi ko katin godiya ga waɗanda suka yi ɗawainiya. Busassun fallayen wardi da konfulawa kuma ana watsa wa ango da amarya, kuma wuraren biki da yawa a Ingila da suka hana watsa yankakkiyar takarda sun yarda da su domin suna ruɓewa. Lafenda da wardi da furen lalle, a ɗinke su a ɗan ƙyalle a jefa cikin akwatin lefe.

A nan akwai kashedi. Ba kowane fure ake ci ko ƙonawa ba. Oliyanda, itacen adon nan mai fure ruwan hoda da ya cika bakin titunan ƙasashe masu zafi, guba ne daga ganye har fure. Delfiniyam ma haka, duk da kyawun shuɗinsa. Kada a saka tsiron da ba a sani ba a turaren wuta, ko a kan abinci, ko inda yaro zai kai baki.

Akwai kuma hanyar gidan Osborne, wato a bar tsiron da rai. Rozmeri, lafenda, matil, wardi, yasmin da lalle duk suna kamawa daga reshe. A yanki mai tsawon kamar santimita 10 zuwa 15, a zare ganyen ƙasa, a soka a ƙasa mai yashi, a ajiye a inuwa mai haske, a riƙa jiƙawa kaɗan. A dasa biyar ko shida, ba duka ke kamawa ba. Lalle dai ba ya jure ƙanƙara, a ƙasashen sanyi sai cikin ɗaki.

Kafin a saka a jaka

Mai niyyar kai wa Hajiya nata firam ɗin gida, ko ya taho da reshen lallen gidansu, ya san cewa tsiro ba ya tsallaka iyaka kamar atamfa. Amurka na buƙatar matafiyi ya bayyana duk wani tsiro ko iri da ke jakarsa, rashin yin haka na jawo ƙwacewa da tara. Shigar da tsiro mai rai Ingila na buƙatar takardar shaidar lafiyar tsiro. Ostareliya ta fi su tsanani. Najeriya ma na da hukumar killace kayan gona da ke aiki a filayen jiragen sama. Dalilin shi ne cututtuka da ƙwarin da ke ɓuya a ƙasa da ganye. Busasshen fure marar iri, marar ƙasa, ya fi sauƙin wucewa, amma a duba ƙa'idar ƙasar kafin tafiya, a kuma bayyana shi idan an isa. Ɗanyen reshe kuwa a bar shi inda yake, a nemi irinsa a ƙasar da ake zaune.

Abu na ƙarshe shi ne rubutu. A Kew, samfurin da ba shi da takardar bayani darajarsa kaɗan ce, domin ba a san inda aka tsinko shi ba, ko yaushe, ko wa ya tsinko. Na aure ma haka yake. A bayan firam a rubuta da fensir, domin tawada na kodewa: sunan furen, garin da aka shuka shi, sunan wadda ta shuka ta yi ban ruwa, sunan ango da amarya, da ranar ɗaurin aure. Yaran da za a haifa a wannan ƙasa wata rana za su juya firam ɗin su karanta, don haka a rubuta da Hausa, a kuma ƙara da harshen da suke karatu da shi.